Fentin Ƙarfe Cikin Kwanson Roba: Yadda Radiyo Ta Tilasta Wa Kwamfuta Yin Shiru

Masu bibiyarmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da sauran wurare. Yau tarihi muka kawo muku, na wani abu da da yawanmu ke da shi cikin gida amma ba mu taɓa lura da shi ba, saboda a ɓoye yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa rumfar mai gyara ya ga an buɗe tsohuwar kwamfuta ko salula irin ta da, zai tuna cewa daga waje roba ce, amma cikin murfin akwai wani launi toka-toka, ko ja-ja kamar tagulla, yana ɗan ƙyalli. Wasu na ɗauka ado ne. To ƙarfe ne aka shafa, kuma doka ce ta sa shi can. Abin da ya jawo dokar kuwa, radiyo da talabijin.

Labarin ya faro a Amurka. A shekarar 1977 kwamfutoci uku na gida suka fito kasuwa kusan lokaci guda: Apple II, da Commodore PET, da TRS-80 ta kamfanin Radio Shack. PET akwatinta na ƙarfe ne. Sauran biyun roba. Kafin wannan lokaci kwamfuta kayan banki ce da gwamnati da manyan makarantu, tana zaune cikin kabad na ƙarfe a ɗaki na musamman, nesa da kowa. Yanzu ga ta a kan tebur cikin falo, taku biyu daga talabijin, bango ɗaya tsakaninta da radiyon maƙwabci.

Kwamfuta ba ta da niyyar watsa komai. Amma aikinta gaba ɗaya kunna wuta ne da kashe ta, da saurin da hankali ba ya kamawa. Ƙwaƙwalwar TRS-80 tana bugawa sau miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da ƴan kai cikin daƙiƙa guda. Wutar da ake kunnawa ana kashewa farat ɗaya haka tana haifar da igiyoyin iska, a kan wannan mita da kuma ninkinta biyu, uku, biyar, har sama can inda tashoshin talabijin suke. Kowane layin tagulla na kan allon na'urar da kowace waya da ta fito daga bayanta sai ya zama ƴar eriya. Roba kuwa ba ta tare wannan igiya ko kaɗan, ratsa ta take yi kamar yadda haske ke ratsa gilashi. Hargowar TRS-80 ta kai har masu rubuta wasanni suka mayar da ita amfani: na'urar ba ta da lasifika, sai a ce wa mai wasa ya aje radiyon matsakaicin zango kusa da ita, ya ji sautin wasan daga can. Abin dariya ga mai kwamfuta. Ga maƙwabcinsa da ke son jin labaru, ba abin dariya ba ne.

Maganin kansa tsoho ne, ya girmi radiyo. A 1836 wani masani Bature, Michael Faraday, ya gina wani ɗan ɗaki a Landan, kowane gefe wajen mita uku da rabi, ya lulluɓe shi da waya da falle-fallen ƙarfe, ya sa aka cika bayansa da wutar lantarki har tartsatsi na tashi, shi kuma ya shige ciki da kayan awonsa. Bai ga alamar komai a ciki ba. Ƙarfen da ya kewaye abu ko'ina yana raba ciki da waje. Tsofaffin na'urori masu akwatin ƙarfe suna samun wannan kariya kyauta, ba tare da wani ya yi tunaninta ba. Da aka koma roba don ta fi arha, ta fi sauƙin ɗauka, kuma injin zuba na fitar da dubbai a siffar da aka ga dama, sai kariyar ta tafi tare da ƙarfen.

Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, wadda aka kafa tun 1934, tana da wata tsattsaurar doka a kan duk abin da ake jonawa da bakin eriyar talabijin. Kamfanoni suka bi da ita ta hanyoyi daban-daban, kuma nan ne labarin ya yi daɗi. Apple wayo suka yi: suka sayar da kwamfutarsu ba tare da ɗan akwatin da ke haɗa ta da talabijin ba, wani ƙaramin kamfani dabam ke sayar da shi, mai shago ya miƙo maka su tare. A takarda, Apple II ba ta taɓa talabijin ba. Texas Instruments ba su samu izini kan lokaci ba, dole suka haɗa kwamfutarsu ta 1979 da allon kallo nata na kanta, kuɗinta ya haura dalar Amurka 1,100, kasuwa ta yi mata wuya. Atari su ne suka bi doka sau da ƙafa. Kwamfutocinsu 400 da 800 na ƙarshen 1979, in ka cire robar waje, za ka tarar da zubin alminiyam mai kauri, kamar tukunyar da maƙera ke zubawa, ya rufe ƙwaƙwalwar ruf. Wannan ya ƙara nauyi da tsada, kuma ya hana su barin ƙofofin da za a riƙa cusa ƙarin kaya ta waje. Sai suka ƙirƙiro waya guda wadda firinta da ma'ajin bayanai da sauran kaya ke bi a jere. Injiniyan da ya yi wannan aiki, Joe Decuir, daga baya yana cikin waɗanda suka yi aikin USB, wannan bakin da muke cusa kile da wayar caja yau. Kun ji inda tsoron gurɓata talabijin ya kai mutane.

A watan Satumba na 1979 FCC ta fitar da sabuwar doka wadda ta rufe ƙofar wayo. Ta ce duk na'urar lissafi mai bugawa sau dubu goma ko fiye a daƙiƙa, ko ana jona ta da talabijin ko ba a jonawa, tana da iyakar hargowar da za ta fitar. Aka raba kaya gida biyu. Rukunin A na ofis da masana'anta, rukunin B na gida. Na gida aka fi tsananta wa, wajen ninki uku, don a gida ne radiyo da talabijin suke kusa, kuma mutumin gida ba shi da injiniyan da zai kira. Ana aje na'urar a fili, a kafa eriya mita uku daga gare ta, a juya ta ko'ina ana awo daga megahaz 30 zuwa 1,000. Ana kuma auna ƙazantar da take mayarwa cikin wayar kuran. Ga kwamfutocin gida, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1981.

A cikin wannan wata Radio Shack suka daina ƙera TRS-80 ta farko, bayan sun sayar da fiye da 200,000. Na'urar ba ta lalace ba, masu saye ba su ƙare ba. Gyara ta ta cika sharaɗi ne ya fi ƙarfin ribarta, saboda gunduwa-gunduwa take, wayoyi na haɗa su, kowace waya tana watsa nata. Wadda ta gaje ta, Model III, an haɗe komai cikin akwati guda. IBM da suka shigo a watan Agusta na 1981 ba su wahalar da kansu ba, akwatin ƙarfe suka yi, shi ya sa har yau kwamfutar tebur ta ofis ƙarfe ce.

Sauran masu ƙera kaya ba su yarda su saki roba ba. Sai tambaya ta zama: yaya za a sa roba ta yi aikin ƙarfe? Wata sana'a sabuwa ta tashi a kan wannan tambaya.

Da farko an yi amfani da feshin tutiya, wato ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kar ya yi tsatsa. Wayoyin tutiya biyu ake haɗawa da wuta su narke, iska mai ƙarfi ta watsa narkakken a cikin kwanson. Yana tarewa sosai. Matsalarsa ita ce shi da roba ba sa miƙewa daidai in zafi ya zo, ba sa tsukewa daidai in sanyi ya zo. Na'ura ta yi zafi da rana, ta huce da dare, wata da watanni, sai shafen ya fara tsagewa yana ɓarewa. Ɓawon ƙarfe kuwa in ya faɗa kan allon lantarki, zai haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba. Mafi sauƙi na'ura ta mutu, mafi muni gobara. Abin da aka sa don maganin wata cuta ya kawo tasa. Hukumar gwajin lafiyar kaya ta UL, wadda ke aiki a Amurka tun 1894, sai ta shigo da nata sharaɗi: a gasa kwanson da aka shafa, a sanyaya shi, a aje shi cikin laima, sannan a tsattsaga shafen da reza gida-gida, a manna salatif a fizge. In ƙarfe ya biyo salatif, an faɗi. Kuma shaidar ba ta fenti kaɗai ba ce, ta wannan fenti ce a kan wannan irin roba. Ka canza roba don ka samu mai arha, sai ka koma gwaji.

Abin da ya fi yaɗuwa a shekarun 1980 shi ne fenti mai garin nikel, daga baya mai garin tagulla ko azurfa. Fesa shi ake yi kamar fentin mota, kaurinsa bai kai silin gashi ba. Macintosh ta farko ta 1984 irin wannan shafe ne a cikin murfinta. Akwai kuma masu tsoma kwanson cikin ruwan magani, tagulla ta kwanta a kansa da kanta ba tare da wuta ba, kauri maikiron ɗaya ko biyu, wato kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na milimita, sannan a bi da nikel don kar ta yi tsanwa. Wasu kuma cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska suke narkar da alminiyam har ya zama tururi ya kwanta a kan robar, irin ƙyallin da kuke gani cikin ledar biskit. Commodore, da aka sani da matse kuɗi, a kwamfutarsu C64 ta 1982 kwali suka sa mai fallen alminiyam a fuska. Ya yi aikin tarewa daidai gwargwado, amma yana riƙe zafi a kan ƙwaƙwalwar, masu ita da yawa suka riƙa cire shi suna yarwa.

Mai karatu zai ce, shafen da bai kai gashi ba, me zai tare? Sirrin shi ne wuta mai saurin bugawa ba ta shiga cikin ƙarfe, a fatarsa take gudu. A megahaz 100, inda tashoshin FM suke, zurfin da take shiga cikin tagulla bai wuce maikiron shida zuwa bakwai ba, kuma mafi yawan igiyar ma komawa take yi da baya tun daga fuska, kamar haske a madubi. Amma ga maganaɗisun tiransifoma da sauran abubuwa masu bugawa a hankali, siririn shafe ba ya yin komai. Wannan sai ƙarfe mai kauri.

Inda injiniyoyi suka fi shan wahala ba ma a fentin ba ne, a bakin murfi ne. Ku ɗauki gidan sauro. Ramuka dubbai gare shi amma sauro ba ya shiga, don kowane rami ƙarami ne. Yagewa guda mai tsawon hannu kuwa ta isa ta hana mutum barci. Haka garkuwar lantarki take. Ƙananan ramukan shan iska ba su da laifi. Doguwar tsaga inda murfin sama ya haɗu da na ƙasa, ko da siririya ce har takarda ba ta shiga, in shafen sama bai taɓa na ƙasa da kyau ba, ita kanta tsagar eriya ce. A megahaz 300 tsawon igiya mita ɗaya ne, tsaga mai rabin mita za ta watsa ta kamar an gina ta don haka. Akwatin ƙarfe ana ɗaure shi da kusoshi ya matse. Roba kuwa lanƙwasa take tsakanin kusa da kusa, fentin bakin yana gogewa duk lokacin da aka buɗe aka rufe, laima na sa shi tsatsa. Shi ya sa a cikin kaya masu kyau za ku ga ƴan yatsun ƙarfe masu tsalle, ko soso mai rigar ƙarfe, jere a bakin murfi. Wayoyin da ke fita waje su ma ƙofa ce. Wannan ƙullutun da kuke gani kusa da ƙarshen wayar caja ta kwamfuta, wani baƙin zobe ne a ciki, aikinsa shaƙe hargowar kafin ta bi waya ta fita.

Sannan ga batun rai. Kwanson roba shi kansa kariya ne ga mai taɓawa, don wuta ba ta bi ta cikinsa. Kayan da ke da alamar murabba'i cikin murabba'i sun dogara da wannan ne, ba su da wayar ƙasa. Ranar da aka shafa ƙarfe a ciki, an kawo abin da wuta ke bi kusa da kuran mai bolt 220. Dole a bar tazara tsakanin shafen da duk inda kuran yake, dole a rufe wasu wurare kafin feshi, kuma dole a san inda aka jona shafen. In aka bar shi yana lilo bai jonu da komai ba, tartsatsin nan da ke fita daga yatsa lokacin hunturu zai iya tsallakawa kansa, daga nan ya tsallaka kan allo. Mai kula da hargowa yana son ƙarfe ya rufe ko'ina, mai kula da lafiya yana son a ja shi baya, mai kula da kuɗi yana son a cire shi baki ɗaya. Duk kwanson da kuka gani, sulhun mutum ukun nan ne.

Turai ta bi da nata salo. Kwamitin duniya mai kula da gurɓatar radiyo, CISPR, ya fara zama a Paris tun 1934, kuma a 1985 ya fitar da ƙa'ida ta musamman a kan kayan kwamfuta. A 1989 Tarayyar Turai ta yi doka, wadda ta zama tilas ranar 1 ga Janairu 1996. Ta fi ta Amurka faɗi a wuri guda: bayan kar na'ura ta dami wasu, dole ita ma ta iya jure damun wasu. Kowa ya san ƙarar nan ta dit-dit-dit da ke fita daga lasifikar taro ko ta biki daf da salula za ta yi ƙara. Salular GSM tana watsawa guntu-guntu, sau 217 a daƙiƙa, amfilifaya marar garkuwa sai ta kama wannan bugu ta ƙara masa ƙarfi. Laifin na lasifikar ne, salular aikinta take yi. Alamar CE da ke bayan kaya tana nufin an cika waɗannan sharuɗɗa. Sai dai ga yawancin kayan gida, mai ƙerawa ne da kansa ke shaidar kansa, ya aje takardun gwaji, in hukumar wata ƙasar Turai ta nema ya nuna. Ƙarfin alamar yana ga mai bincike a kasuwa. Inda ba mai tambayar takardu, harufa biyu ne kawai, kuma injin da ke zuba roba ba ya wahalar rubuta su.

Daga baya shafen ya fara ja da baya a wasu kaya. Dokokin shara na Turai na 2003 sun sa kamfanoni tunanin sake narkar da roba, robar da ke da ƙarfe a jiki kuwa da wuyar narkarwa ta ba da mai kyau. Masu salula suka koma rufe kowane sashe na allo da ɗan murfin gwangwani nasa, waɗanda masu gyaran waya ke ɗagawa da iska mai zafi. Amma shafen na nan a kayan asibiti, da kwamfutocin hannu masu jikin roba, da kayan mota.

To mu ina ruwanmu? Ruwanmu babba ne, don mu mutanen radiyo ne. Radiyon ƙasarmu ta fara a 1958, BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Amurka a 1979, kuma shekaru da yawa ta gajeren zango suke iso mana. Gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30, da matsakaicin zango, su ne suka fi kowa rauni a gaban wannan hargowa. Muryar da ta taso daga dubban kilomita tana isowa a gajiye, abu kaɗan ke binne ta. A da abokan gabarta tsawa ce da fulogin babur. Yau gida cike yake da caja, da ampul mai LED, da dikoda, da na'urar da ke juya wutar batir ɗin sola zuwa kuran, kuma dukkansu da yankan wuta suke aiki, sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, cikin kwanson roba. Ga irin waɗannan ƙananan kaya maganin ba fenti ba ne sosai, ƴan matatai ne a bakin waya, amma halinsu ɗaya da fentin: ba a ganinsu, kuma kaya na aiki lafiya lau ba tare da su ba. Masu gyara sun san allon cajar arha da za ka buɗe ka ga an zana gurbin matata, an bar shi fayau ko an haɗe shi da guntuwar waya. Mai saye bai rasa komai ba, wayarsa na cika. Tsohon da ke bayan katanga da radiyonsa shi ne ya biya, kuma shi zai ce tasha ce ta yi rauni, ko ya zargi pil.

A ganinmu wannan shi ne abin da Amurkawa suka gane a 1979: kasuwa ba za ta taɓa gyara wannan da kanta ba, tunda mai cutuwa ba shi ne mai saye ba. A nan gida hukumar ARCEP na ba da izini ga kayan sadarwa irin su salula da na'urorin watsawa, amma ampul da caja ba a ɗauke su kayan sadarwa ba, kuma shigowa suke cikin kwali-kwali ta kowace hanya.

Akwai kuma rabon rumfunan gyara a ciki. Gwajin da aka yi wa na'ura, a kan sabuwa aka yi shi, da dukkan kusoshinta da murafenta. Kayan da ke iso mana da yawa na hannu ne, an buɗe su sau da dama. Murfin gwangwanin da aka ɗaga a kan allon salula aka ƙi mayarwa, da kusoshi huɗu da suka rage a faranti bayan an rufe kwamfuta, da fallen ƙarfen da aka yage don ya tsaya a hanya, kowannensu yagewa ce a gidan sauron. Wani lokaci salular da aka gyara sai ta dawo tana kama rezo da ƙyar, saboda hargowar ƙwaƙwalwarta na shiga kunnen eriyarta.

Wanda ke son sanin mai laifi a gidansa ba ya buƙatar kayan awo. Ya ɗauki ƙaramar radiyo mai pil, ya kai ta matsakaicin zango inda ba tasha, ya zagaya da ita ɗaki-ɗaki. Inda ƙugin ya ƙaru, ya zare abin da ke wurin daga soket ya saurara. Sau da yawa ampul guda ce, ko caja guda da aka manta a jone ba waya a bakinta.